Sarkin Duhun Unguwar Ashafa

A Unguwar Ashafa, ƙauyen da ke bayan Gubuchi a ƙasar Maƙarfi, in ka nemi gidan Malam Ɗan'azumi sai an tambaye ka wanne, domin masu sunan sun kai huɗu. Amma kana cewa Sarkin Duhu, kowa zai nuna maka ƙofa guda. Gajeren mutum ne siriri, shekarunsa sittin da 'yan kai, da mabuɗi rataye a wuyansa da igiyar fata. Bai taɓa amsa sunan ba, bai kuma taɓa hana a kira shi da shi ba. Abin dariyar kuwa, shi ne mai kula da wutar sola ta garin.

Mahaifinsa, marigayi Yahuza, shi ne mai rabon ruwa a fadamar da ake noman rake. Da rani in rafi ya ja baya, shi ke cewa yau ruwa na gonar wane, gobe na wane, ya toshe wannan hanya da laka ya buɗe waccan. An zage shi, an kai shi ƙara, har an taɓa bin sa da fartanya, amma a zamaninsa raken kowa bai bushe ba. Ƙa'idojinsa biyu ne. Ranar Juma'a ba ya toshe wa kowa, ruwa ya bi inda ya ga dama. Sannan duk wanda ya zo neman ruwa ya hana shi, sai ya riƙe sunansa a ka, yana cewa haƙƙin mutum ne, ko ba a iya ba shi ba kada a manta. Ɗan'azumi bai gaji gona mai girma ba, amma ya gaji wannan hali kaf, har da taurin kan.

Ya yi karatun allo, yana rubuta ajami tsaf. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci ya shiga, ya koyi lambobin boko daga ɗaya har dubu, ranar da malamin ya soma koyar da baƙaƙe sai ya naɗe tabarmarsa ya ce abin da ya zo nema ya samu. Wannan rabin karatun ne ya sama masa aiki a shekarar 2013, lokacin da wani kamfani ya kafa farantan sola arba'in da takwas a bayan asibitin garin, da ɗakin batura, da mita. Aikin ba shi da yawa. Ya wanke faranti, ya rubuta lambar da mita ta nuna sau uku a rana, bayan asuba da azahar da magariba. Sai sharaɗi ɗaya da aka rubuta a takarda, Mai unguwa Usmanu ya sa hannu: kada wani ɗan gari ya taɓa makunnan da ke cikin akwatin bango. In aka taɓa, kamfani na da ikon kwashe kayansa.

Shekara uku garin ya sha wuta kamar ba ta ƙarewa. Injin niƙa, injin markaɗe, walda, firji, dutsen guga, har da masu barin ƙwai a kunne da tsakar rana don maƙwabta su gani. A ta huɗu batura suka mutu murus. Wata goma sha huɗu Ɗan'azumi yana buga waya ana ce masa ana kan hanya. Famfon burtsatse ya tsaya, mata suka koma ɗibar ruwan rafi. Firjin asibiti ya zama akwatin ajiye takardu, masu jego suna taka ƙafa har Gubuchi da jarirai a baya don allurar rigakafi, wani lokacin su tarar ta ƙare. Da aka kawo sababbin batura a ƙarshen 2017, injiniyan da ya haɗa su ya faɗi wata magana yana goge hannu, wataƙila ma shi ya manta ya faɗe ta. Ya ce, "Waɗannan su ne na ƙarshe, shekara biyar za su yi." Ɗan'azumi bai manta ba.

Bayan mako guda ya buɗe akwatin bango. Layuka uku ne a ciki: na asibiti da famfo, na kasuwa, na gidaje. Na asibiti bai taɓa kai masa hannu ba. Sauran biyun kuwa ya shiga rabonsu kamar yadda tsohonsa ke raba ruwa, kasuwa ta sha da hantsi, a kashe mata bayan azahar, gidaje su samu da magariba. Duk shekara batura na ƙara tsufa, shi kuma yana ƙara ƙuntatawa. Mai unguwa ya sani, kowa ya sani, an kuma haɗa baki a kan kada baƙo ya ji saboda takardar nan. A cikin gari kam ya sha zagi. Hajo mai injin markaɗe ta daina gaishe shi shekara huɗu cur, tun ranar da ya hana ta wuta da kwanduna shida na tumatir a gabanta. Shi dai abin da ya sani, baturan shekara biyar sun shiga ta takwas da ransu, kuma a ransa yana alfahari da haka ba kaɗan ba.

Wata Laraba da kakar 2025, ana tsakiyar karyar masara, farar mota ta tsaya a bakin shingen sola. Injiniya Zayyad ne na kamfanin, tare da wata matashiya mai tabarau da jakar kwamfuta, Malama Naja'atu, wadda aka ɗauko daga Zariya don ta yi nazarin alƙaluman garuruwan da kamfanin ya sa wa wuta. Ta durƙusa ta gaida Ɗan'azumi, ta tambayi iyali da gajiya da amfanin gona, sannan ta buɗe kwamfutar a kan benci ta juyo masa da ita.

"Baba, wannan layin da ka gani aikinka ne," in ji ta. "Duk lambobin da ka rubuta tun farko na haɗa, kusan kwana dubu huɗu. Ban taɓa samun littafin mita mai tsabta irin naka ba. Na ware damina daban, rani daban, na cire watannin azumi don kada su rikita ni. Ta duk inda na bi, tun 2018 wutar da garin nan ke sha raguwa take yi, kamar kashi bakwai cikin ɗari duk shekara."

Ɗan'azumi ya duba. Layin yana gangarowa kamar hanyar rafi. Har ya soma jin daɗi, domin ya ga tattalinsa a zane, sai Zayyad ya yi magana.

"Ofis sun karanta shi, Baba. Sun ce garin da wutarsa ke raguwa shekara bakwai a jere ba ya buƙatarta. Akwai wani gari a ƙasar Kudan da ke roƙonmu shekara uku. Ranar Litinin mota za ta zo ta kwashe farantan a kai can, sai fa in rahoton Malama ya ce wani abu daban."

Ɗan'azumi ya kawar da kai daga kwamfutar. Amsar tana bakinsa, kalma uku ce kacal, amma ya haɗiye ta. Ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, muryarsa ko shi bai gane ta ba.

Kafin la'asar Mai unguwa Usmanu ya aika ya zo zaure. Bai bari an gama gaisuwa ba.

"Ka ce musu mutane sun sayi ƙananan sola a gidajensu. Ka ce matasa sun tafi Kaduna ci-rani. Ka faɗi duk abin da ka ga dama, ban da makunni."

"Ranka ya daɗe, in na faɗi haka ai na taya su lodin farantan ke nan."

"In ka faɗi ɗayar kuma ka miƙa musu hujja a hannu. Ni na sa hannu a takardar nan, ba kai ba. Yarinyar tana da tausayi, na gani a fuskarta. Mu roƙe ta."

Ɗan'azumi ya san roƙo ba ya tanƙwara layi, amma ba a musu da mai unguwa a zaurensa. Ya tashi ya raka baƙi kasuwa, domin Naja'atu ta ce tana son ganin masu amfani da wutar da idonta. Lokacin kashewa ne, kasuwar shiru. Ta tsaya a rumfar Hajo, inda mata uku ke zaune da robobin waken ƙosai suna jira.

"Inna, sannu da aiki. Me ya sa injin yake kashe ga masu jira?"

Hajo ta ɗaga kai. Ba Naja'atu ta kalla ba, Ɗan'azumi ta kalla, ta daɗe tana kallonsa har gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Shekara huɗu take jiran wanda zai yi mata wannan tambaya.

"Bel ɗinsa ne ya tsinke, 'yar nan," in ji Hajo. "An tafi sayowa."

Ya koma gida da yamma ya tarar da matarsa Mero tana ɓare masara a tsakar gida. Ta ajiye masa tuwo, ya ture. Ya zayyana mata komai, har da abin da Hajo ta yi, wanda ya fi zagi yi masa ciwo.

Mero ba ta daina ɓarewa ba. Ta ce, "Malam, shekara takwas kana hana mutane wuta don kada ta mutu. Yanzu ga shi za a ɗauke ta da ranta."

Ta ɗago kai ta dube shi, ta ci gaba.

"Wancan rubutun da kake yi a bayan littafin mita, ni ma ina ciki?"

"Sau goma sha ɗaya."

"Har ranar da na roƙe ka fanka saboda zazzaɓin Inna?"

"Yana ciki."

Ta zuba ƙwayar masara a kwano ta karkaɗe zanenta. "Ni dai na san surukina. In aka tsaya a fadama aka ce wa ya toshe ruwa, ba ya duban kowa, cewa yake ni ne."

Da hantsin Alhamis aka sake haɗuwa a bakin shinge, har da mai unguwa da dattawa biyar da suka zo roƙo. Naja'atu ba ta bari sun fara ba. Ta ce kafin ta baro masauki a Maƙarfi ta sake raba lambobin ta wata hanya, kowace ranar mako da layinta. Ta juyo da kwamfutar. Layuka bakwai ne. Shida suna gangarawa tare, na Asabar ya fi kowanne nutsewa. Ɗaya tilo ya rabu da 'yan'uwansa yana hawa sama.

"Garuruwa goma sha tara na duba," in ji ta. "Duk inda buƙata ta ragu da gaske, kwanakin tare suke sauka. A nan kuwa wutar da kuke sha ranar Juma'a ta ninka sau biyu cikin shekara bakwai. Me kuke yi ranar Juma'a?"

Zayyad ya ce ko lasifikar masallaci ce. Ta ce lasifika ba ta cin abin da dutsen guga ɗaya ke ci. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce ana yawan yin baƙi. Ba ta musa masa ba, ta dai rubuta. Daga nan ta juya wajen Ɗan'azumi.

"Baba, ba ni da ikon rubuta abin da ban gani ba. In babu wanda ya faɗa mini, zan kai layin jiya, in ce na yau ban gane shi ba. A ofis kuma ba sa tsayawa a kan abin da ba a gane ba. Azahar zan rufe rahoton."

Aka ji ƙarar wata mota can a kan hanyar Gubuchi, wadda ta sa dattawa biyu suka waiga duk da sun san yau ba Litinin ba ce. Mai unguwa ya kafe Ɗan'azumi da ido. Ɗan'azumi yana jin tsoro, tsoro na gaske. In ya yi shiru an kwashe. In ya yi magana wataƙila a kwashe, kuma har ya mutu za a ce bakinsa ne ya jawo. Ya kama mabuɗin wuyansa ya riƙe.

"'Yata, ranar Juma'a ba na kashewa," ya ce. "Sauran kwanakin ni nake kashewa. Ba mutane ne ba sa so ba. Ni nake hana su."

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Mai unguwa ya sunkuyar da kai.

Ɗan'azumi ya shiga ɗakin batura ya fito da littattafan mita, ya ɗora a benci. Duk wata uku ma'aikacin kamfani kan zo ya ɗauki hoton shafukan gaba da waya, inda lambobi suke. Ba wanda ya taɓa damuwa da bayan littafin, wanda ya leƙa ma sai ya ga ajami ya ɗauka addu'o'i ne. Ya juya na sama ya buɗe shi ta dama ya miƙa mata. Naja'atu ta gyara tabarau ta soma haɗa baƙi a hankali, rabonta da ajami tun makarantar allo.

"Talata. Hajo, markaɗen tumatir kwando shida. An hana, awa uku." Ta tsallaka layi. "Laraba. Safiyanu mai walda, ƙofar shago. An hana, yini guda." Ta ɗago kai. "Baba, duk wanda ka hana ka rubuta?"

"Da abin da ya zo kunnawa, da tsawon lokacin. Haƙƙinsu ne."

Zayyad bai ga abin sha'awa a ciki ba. Ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiyarsa, domin shi za a tambaya yadda aka yi shekara takwas ana taɓa akwati bai sani ba.

"Baba, ka san ka karya yarjejeniya?"

"Na sani, Injiniya. Baturan da kuka ce shekara biyar, ga su can a ta takwas."

"Ba ni mabuɗin."

Ƙullin igiyar ya shekara goma sha biyu ba a kwance ba, ya ƙi kwantuwa, kuma igiyar ba ta fita ta kai. Sai da aka ari wuƙar yankan rake aka yanke ta a gaban kowa.

Naja'atu ta roƙi ofis a ɗage zuwan motar, aka ce za a duba. Ta ƙara kwana uku tana zuwa daga Maƙarfi. Ɗan'azumi na zaune a tabarma a ƙofar gidansa yana karanto sunaye, ita tana shigarwa a kwamfuta. Sau dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai ya hana mutane wuta, kuma bai tsallake ko ɗaya ba, har goma sha ɗayan Mero. Da ta haɗa abin da aka sha da abin da aka nema aka rasa, sabon layi ya fito yana hawa, kafaɗa da kafaɗa da na Juma'a.

"Zan rubuta abu biyu, Baba," ta ce masa ranar da za ta tafi. "Cewa ka taɓa makunni, da cewa garin nan yana neman kusan ninki biyu na abin da yake samu. Wanda za su ɗauka a ciki, ban sani ba. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Mako biyar aka yi ba labari. Zayyad ya bar makunnan duka a kunne ya kulle shinge, saboda haka kullum kafin magariba batura sun zube, firjin asibiti ya ɗauke. Mai unguwa ya daina amsa gaisuwar Ɗan'azumi sai da ka. A masallaci ana matsa masa wuri fiye da yadda jikinsa ke buƙata. Duk babbar motar da ta karyo kwanar garin sai ya miƙe tsaye, sau uku tana zama ta masu sayen rake.

Ta huɗun, wata Litinin da hantsi, ba ta nufi fadama ba. Ta miƙe zuwa bayan asibiti, an rufe bayanta da tamfol, farar motar Zayyad na biye. Gari ya fito kallo. Ɗan'azumi ya tsaya nesa a gindin mangwaro, bai kalli tamfol ɗin ba, tayoyi ya kalla. Ya yi shekaru yana lodin rake, ya san yadda tayar motar da ta zo ɗauka ke tsayawa. Waɗannan sun kwanta, suna nutsewa a ƙasa. Ya zauna a kan saiwa yana hamdala, hawaye na zuba bai damu da wanda ya gani ba.

Sababbin batura ne, da ƙarin faranti talatin, da wani akwati mai raba wuta da kansa yana aika lambobi ofis ba tare da kowa ya rubuta ba. Zayyad ya zo har gindin mangwaron ya gaishe shi da ladabi, ya miƙa masa ambulan biyu. Ta farko takardar kamfani ce, ya karanta masa: ana godiya da hidimar shekara goma sha biyu, amma saboda saɓa sharaɗi an sallame shi, kuma sabon tsarin ba ya buƙatar mai kula. Ta biyu daga Naja'atu take, littafinsa na ƙarshe ne ta maido masa, wanda bai cika ba.

Bayan mako biyu, wata Talata, ya fito daga sallar azahar ƙafafunsa suka kai shi bakin shinge ba tare da ya yi niyya ba. Lokacin kashe wa kasuwa ne. Hannunsa ya tafi wuya ya shafa, babu komai. Daga kasuwa injin markaɗe na ta ruri, walda na tartsatsi, wani ya ƙure rediyo. Ya bi ta gaban rumfar Hajo zai wuce da sauri kamar yadda ya saba. Ta rage injin.

"Sarkin Duhu, ina wuni?"

Ya tsaya. "Lafiya lau, Hajo. Ya aiki?"

"Ga shi muna yi," ta ce, ta mayar da injin.

Da ya isa gida ya ɗauko littafin, ya juya shi ta dama, ya nemo inda rubutu ya tsaya. Mero na kallonsa daga bakin murhu. Ya daɗe riƙe da biro, sannan ya rubuta: Talata. Ba a hana kowa ba.